Ku Ba Makaɗi Nasa: Musayar Baitoci Kan "Funky Drummer"

Baba Mai Garmaho:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya jikana ya kunna wata waƙar gambara a waya, sai na ji gangar da na sani tun ina saurayi. Ta cikin "Funky Drummer" ce, wadda James Brown ya ɗauka a Cincinnati ta Amurka a Nuwamban 1969, ta fito a 1970. Ga nawa, ƙwar huɗu, amsa-amo "ba". Wanda ya karya zai biya goro.

Da sunan Allah zan fara,
Jiya na ji kiɗa gun yara,
Na kasa kunne na saurara,
Gangar ba baƙuwata ce ba.

Faifai ne na James Brown, tsoho,
Mun sha shi a kan garmaho,
Ana ta rawa, ana busa ƙaho,
Ba mu san zai kai jikoki ba.

Can tsakiya maigida ya tsaya,
Ya ce 'yan busa su ja baya,
A bar makaɗi shi ɗaya,
Bai ce masa yai wata burga ba.

Daƙiƙa 20 ne ko kusa,
Clyde Stubblefield na bugun nasa,
Ƙafa tana ƙasa, hannu bisa,
Har yau ba a gama cin ta ba.

Ɗan Gambara:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Mu ta hannun 'yan gambara muka same ta. A 1986 aka sake fito da ita cikin faifan *In the Jungle Groove*, daidai lokacin da samarin New York ke hannu da na'urar yanko sauti. A yi mini afuwa in na yi tuntuɓe.

Baba ka ci tuwon da zafinsa,
Mu ɗumame muka tarar nasa,
Ɗumamen ma ya fi na farkonsa,
Ba raini ne na yi maka ba.

An yanki gangar an ware ta,
An ɗaura kanta da jelarta,
Tana juyi, baiti na bin ta,
Ba ta gaji ba, ba ta tsaya ba.

Public Enemy sun hau kanta,
"Fight the Power" da ita aka gina ta,
LL Cool J ma ya ɗebe ta,
Har George Michael bai bar ta ba.

Jikar Sarkin Kiɗa:
Tsaya nan, ƙanena. Ka jero waɗanda suka ci, ka tsallake wanda ya dafa.

Ƙanena ka iya lissafi,
Ka jero masu kuɗi da ƙarfi,
Wanda ya yi gumi cikin zafi,
Ko sisi ba ka ce an ba shi ba.

Sunan James Brown ke kan faifai,
Haƙƙin waƙar nasa ne sarai,
Clyde kuɗin aiki ya ci kawai,
Masu yanka ba su neme shi ba.

Kakana kalangu ne aikinsa,
Tsarkiya ta cinye hammatarsa,
Liƙi na goshin ubangidansa,
Taro bai san sunansa ba.

Baba Mai Garmaho:
Allah ya jiƙan kakanki, 'yata. Sai dai a yi wa James Brown adalci ta gefe guda: da bakinsa ya ce a ba makaɗi fili, kuma sunan waƙar ma kirarin makaɗin ne, don "Drummer" makaɗi ke nan da Turanci. Sauran kuma ga shi.

'Yata kin taɓa wurin ciwo,
Amma bar ni in ɗan jawo,
Inda shi Clyde ɗin ya koyo,
Don ba makarantar kiɗa ya je ba.

Chattanooga, garin haihuwa,
Jirgin ƙasa na ta wucewa,
Injin masana'anta na bugawa,
Ya kwaikwaya, bai biya jirgi ba.

Jikar Sarkin Kiɗa:
Kai Baba! Wannan wayon manya ne, ba zan bari ya wuce ba.

Baba, jirgi ba ya jinya,
Ciwon daji ya ba Clyde wuya,
Prince ne a ɓoye ya biya,
Bai so a faɗa da ransa ba.

Sai bayan rasuwar Prince, shahararren mawaƙin nan na Amurka, a 2016 maganar ta fito. Shi kuma Clyde daga baya ƙoda ta gaza, ya yi ta zuwa wanki, har ya rasu a garin Madison na Amurka a Fabrairun 2017 yana da shekara 73. Mutumin da hannunsa ke cikin ɗaruruwan waƙoƙi ke nan.

Tsohon Direba:
Ku matsa mini in ajiye mota. Kuna ta Amurka kamar kiɗan bai taka ƙasar nan ba. A ƙarshen 1970 James Brown da kansa ya zo Legas, makaɗansa kuma suka je kallo kulob ɗin Fela, inda Tony Allen ke buga wa Fela ganga. Kafin nan ma mawaƙi Geraldo Pino ya gama share masa fage.

Pino na Saliyo ya riga shi,
Da salon Brown, Legas ta bi shi,
Fela ya gani, abin ya dame shi,
Ya koma ya nemo nasa kiɗan.

Da dare yaran Brown sun fita,
Har Bootsy Collins mai jita,
Gangar Tony Allen, da jin ta,
Ba su daina yaba mata ba.

Baba Mai Garmaho:
Direba, labarinka daidai ne, amma ka faɗa rami a baitin farko. Ina "ba" a cikin "kiɗan"? Goro ya hau kanka, kuma fari nake so.

Tsohon Direba:
Birki ne ya shanye, Yaya. Na ɗauka.

Ɗan Gambara:
Bari in koma kan maganar Yayata, don tun ɗazu take cina.

Yaya na ji, na sunkuya,
Ni ma tana nan cikin waya,
Na ɗora baiti kanta jiya,
Ban tambayi mai ita ba.

Amma da ba mu tono ta,
Da tuni ƙura ta binne ta,
Mu muka sa aka san mai ita,
Wannan ba za ki hana mu ba.

Jikar Sarkin Kiɗa:

Kun tono ta, na ba ku wannan,
Amma duk Litinin Clyde na nan,
Kulob a Madison, yana bugun nan,
Ba ku je kun liƙa masa ba.

Shekara da shekaru ya yi yana wannan wasa na daren Litinin, ƙanena. Ba ɓuya ya yi ba.

Baba Mai Garmaho:
An kira magariba, mu tashi haka. Direba, goro na nan a kanka har gobe. Ɗan Gambara, turo mana waƙar taka ta jiya bayan isha'i, ina so in ji inda ka dasa gangar, in kunna wa jikana ya faɗa mini ko ta wane ce.