Hunturun Kanada: me za a tanada kafin a ɗauke wuta?

Sabon Zuwa:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka daɗe a Kanada. Mu huɗu ne, ni da maiɗakina da yara biyu, a gidan haya a Winnipeg, kuma wannan ne hunturunmu na farko. An ce a watan Janairu sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili. In guguwar dusar ƙanƙara ta zo, wuta ta ɗauke, hanya ta toshe, me ya kamata a ce yana cikin gida? Kuma ko da laifi in ajiye ɗan kurfoti da gawayi saboda ɗumama ɗaki?

Injiniya:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, maganar kurfoti ka cire ta a ranka gaba ɗaya. Gawayi, risho, janareta, murhun gashi, duk suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ko a can ƙasarmu ana samun waɗanda kan kwanta da garwashi a ɗaki lokacin hunturu su ƙi tashi, alhali ɗakunanmu iska na ratsa su ta ƙarƙashin ƙofa da rufi. Gidajen nan kuwa an toshe kowace kafa don kada ɗumi ya fita, to gubar ma ba ta da hanyar fita. Tana farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya. In mutum biyu a gida suka kama ciwon kai lokaci guda, a fita waje tukuna, sannan a kira lambar gaggawa ta 911. A guguwar Texas ta Fabrairun 2021 gidaje sama da miliyan 4 suka rasa wuta, hukuma ta ƙirga mutum 246 da suka rasu, kuma cikinsu akwai waɗanda wannan iska ce ta kashe su suna neman ɗumi.

Ka sayi ƙararrawar da ke gano iskar, mai aiki da batir, ka kafa kusa da ɗakin kwana. Janareta a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Gareji ba waje ba ne, ko da ƙofarsa a buɗe take.

Abin da mutane ba su cika sani ba: injin ɗumama gida ko da gas yake aiki, fankarsa lantarki take sha, wuta na ɗaukewa ya tsaya. Sai ku tattaru a ƙaramin ɗaki guda, ku rufe sauran, ku cusa tawul a ƙasan ƙofa, ku rataya bargo a taga da dare. Haske kuma tocila, ba kyandir ba.

Sai bututun ruwa. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, shi ke fasa bututu, kuma ba za ka ga ɓarnar ba sai ya narke. Bar famfo yana ɗiga kaɗan-kaɗan, buɗe ƙofar durowar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, kuma tun yau ka sa mai gidan ya nuna maka inda ake kashe ruwan gidan duka.

Maman Yara:

Gwamnatin Kanada cewa take kowane gida ya iya riƙe kansa awa 72. A ganina ku ɗauki wannan a matsayin mafi ƙanƙanta, don a ruwan ƙanƙarar Janairun 1998 wasu garuruwan Quebec sun yi makonni ba wuta. Ruwa lita 4 ga kowane mutum a rana, rabi na sha, rabi na girki da tsafta. Ku huɗu kwana uku, lita 48 ke nan, kuma da alwala ba zai yi yawa ba.

Abinci wanda ba sai an dafa ba: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, madarar gari, biskit, kifin gwangwani da wake. Kada a manta mabuɗin gwangwani na hannu. Da an yi gargaɗin guguwa a cika filas-filas da ruwan zafi, a caja waya da fawa bank. Firji in ba a buɗe shi ba yana riƙe sanyi awa 4, firiza cikakkiya awa 48. A ajiye maganin mako guda, da 'yan kuɗi a hannu don na'urar kati ba ta aiki ba wuta.

Malam, shadda da atamfa auduga ce, tana shan gumi ta manne a jiki ta tsotse ɗumi. A sa kaya hawa uku: na ciki mai tsane gumi, na tsakiya na ulu, na waje mai tare iska.

Nas:

Abu biyu ake tsoro. Na farko zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35. Mutum zai yi ta kyarma, magana ta sarƙe, ya rikice, barci ya riƙa fizgarsa. In kyarmar ta tsaya alhali bai ɗumama ba, abin ya ƙara muni ne. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe ƙirji, wuya da kai kafin hannu da ƙafa, a ba shi shayi mai sukari in yana cikin hayyacinsa, a kira 911. Jariri ba ya iya kyarma kamar babba, sai dai ka taɓa shi ka ji sanyi ƙalau, ya yi laushi, ya ƙi kama nono.

Na biyu daskarewar fata, yatsu, hanci da kunne. In sanyi da iska suka kai 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, minti 10 zuwa 30 sun isa. A baƙar fata ba lallai ka ga fari ba, wurin kan yi toka-toka, ya yi tauri, ya mutu ba ji. Kada a murza, kada a kara a jikin hita, don fatar ba ta jin ƙuna. A tsoma a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39 na kimanin rabin awa. Zai yi zafi sosai, haka yake. Wanda ya yi alwala ya tsane jikinsa sarai kafin ya fita masallaci.

Direban Tirela:

A guguwar birnin Buffalo na Amurka ta Disambar 2022 an tsinci wasu a mace cikin motocinsu, wasu a kan titi bayan sun bar motar. In ka maƙale, zauna a ciki. Tayar da inji minti 10 a kowace awa, amma kafin nan fita ka share dusar da ta toshe bakin salansa, in ba haka ba hayaƙin ciki zai dawo. Sassauta gilashi kaɗan ta ɓangaren da iska ba ta bugowa, ɗaura ƙyalle mai haske a waje.

Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi. A ajiye bargo, ƙaramin shebur, wayar haɗa batir, buhun yashi na zubawa ƙarƙashin taya, da ruwan wanke gilashi mai jure 40 ƙasa da sifili. Bargon da abincin a kujerar baya za su zauna, don but na iya daskarewa ya ƙi buɗuwa.

Sabon Zuwa:

Allah ya saka da alheri. To in murhun girkin na gas ne, a kunna shi a bar ƙofar obin a buɗe fa?

Injiniya:

A'a, ɗan'uwa, gubar ɗaya ce. Ka dafa shayi ka kashe. In sanyin ɗakin ya fi ƙarfinku, ga yara, birni kan buɗe wuraren ɗumama jiki. A Winnipeg kira 311, lambar hukumar birni, za su faɗa maka mafi kusa, kuma ku tafi tun da rana kafin hanya ta rufe.