Na'ura na nuna 98, jiki kuwa na neman iska

Nas a ɗakin yara, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan lafiya na Zariya. Hunturu ya kama, mu tattara abin da kowa ke gani kan ƙarancin oksijin a jiki, musamman inda na'urar da ake maƙalawa a yatsa take yaudara. Lafiyayye na'urar na nuna masa tsakanin kashi 95 da 100 cikin ɗari, in ya sauka ƙasa da 90 a sa oksijin. Ta robar hanci, sabon haihuwa rabin lita zuwa 1 a minti, ɗan ƙasa da shekara lita 1 zuwa 2. A ina lambar ke ɓoye haɗari?

Likitan yara, Samaru: Sista, kin sosa mana inda yake ƙaiƙayi. Himogulobin shi ne sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini. Na'urar kason himogulobin da ya ɗauki oksijin take aunawa, ba ta san yawansa ba. Giram ɗaya na himogulobin na ɗaukar mililita 1.34 na oksijin. Mai giram 15 yana da kusan mililita 20 a cikin kowace 100 ta jini. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya saukar zuwa giram 4 bai kai 6 ba, alhali allon na nuna 98. Da oksijin ya gaza isa tsoka da ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin jiki sai su koma ƙona sukari ba tare da shi ba. Ƙarfin da suke samu kaɗan ne, asid ɗin laktik kuma ya taru a jini. Shi ke kawo wannan numfashi mai zurfi, kamar yaro ya sha gudu, ga ƙirji ba wani ƙara. Sau da yawa akan ɗauka namoniya ce, a ɓata lokaci.

Kada a jira leɓe ya yi shuɗi. Sai himogulobin marar oksijin ya kai wajen giram 5 shuɗin ke fitowa, wanda duka jininsa giram 4 ne ina zai samo shi? A buɗe tafin hannu, a ja ƙasan ido. In fari fat ne, a sa oksijin, a nemi jini: mililita 20 a kowane kilo na nauyin yaron in cikakken jini ne, 10 in tatattun ƙwayoyin jini ne, cikin awa 3 zuwa 4.

Ma'aikacin sashen gaggawa, Sabon Gari: Gaskiya ne, Dakta. Sai hayaƙin janareta da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Kabon monoksayid, gubar da ke cikin hayaƙin, na riƙe himogulobin fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya, na'urar kuma ba ta bambance su. Alamarsa: gida guda su tashi da ciwon kai, jiri da amai, ba zazzaɓi. A fitar da su sarari, a sa abin rufe fuska mai jaka, oksijin lita 15 a minti. Da iskar ɗaki, rabin gubar kan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya fita. Da tsantsar oksijin, awa ɗaya da 'yan mintuna. Don Allah a gaya wa iyalai, janareta a zaure ko soro ma bai tsira ba.

Ungozoma, Gyallesu: A ɗakin haihuwa kuma huhu lafiya lau, jinin ne ba ya kaiwa. Mai jego da ke zubar da jini bugun zuciyarta ke fara hawa, ya wuce 100, hannu ya yi sanyi, tana ta juye-juye tana neman ruwa, tun awon hawan jini (BP) bai faɗi ba. A danna farce daƙiƙa 5 a saki. In ja bai dawo cikin 3 ba, akwai matsala. A murza mahaifa, a ba da oksitosin (allurar da ke sa mahaifa ta tsuke), a sa manyan allurai biyu a jijiya.

Nas a ɗakin tiyata, Shika: Hajiya, ƙari kaɗan. Baƙin lalle da sanyin yatsa na ɓata karatun. A ɗumama hannun ko a koma kunne, a jira bugun ya daidaita kafin a rubuta lamba.