Shin lambar 4,294,967,297 tana rabuwa?

Ɗalibi:
Assalamu alaikum, malamai. Na ninka 2 da kanta sau 32, na ƙara 1, sai na sami 4,294,967,297. Na san mara ce, amma na raba ta da 3, 7, 11 da 13 a takarda, kullum sai saura ya fito. Shin ba ta rabuwa sai da 1 da kanta?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Tana rabuwa: 641 sau 6,700,417. Kada ka ji kunya, domin Fermat, masanin Faransa, ya zaci duk lambobin wannan jeri (wato waɗanda ake samu idan an ninka 2 da kanta sau 1, 2, 4, 8, 16, 32 da sauransu, aka ƙara 1) ba sa rabuwa, ganin cewa 3, 5, 17, 257 da 65,537 haka suke, har sai da Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Switzerland, ya gano 641 a shekarar 1732.

Mai Bibiya:
Allah ya ƙara basira, Malam. Abin da ya fi burge ni shi ne, duk lambar da za ta raba ta, dole ta zama ninkin 64 da ƙarin 1, kuma 641 ita ce 640 (wato 64 sau 10) da 1.

Ɗalibi:
Na gode, Malam. Na ninka su yanzu, lissafin ya fito daidai.