Muhawara a zauren unguwa kan harbin agwagin ruwa

Ɗan Ƙofar Mata: Assalamu alaikum. Ranar Asabar na je madatsar ruwa ta Tiga, na iske wasu samari da suka zo a mota daga birni suna harbin kirinjijiya, wani nau'in agwagwar ruwa, don nishaɗi kawai. Sun ɗauki hoto da waɗanda suka faɗo a gaɓa, waɗanda suka faɗa tsakiyar ruwa kuwa suka bar su suna mutsu-mutsu da karyayyen fiffike. Ya kamata gwamnatin jiha ta ƙayyade wa mafarauta lokaci da adadi, kamar yadda a Amurka tun 1934 mai harbin agwagwa sai ya sayi hatimin gwamnati duk shekara, kuɗin kuma a kula da fadamu da shi.

Jikan Maharba: Malam, ka gyara maganarka, domin waɗanda ka gani ba mafarauta ba ne. Farauta da rani ake fita yin ta a dawa, da karnuka da gora da kirari, a ƙarƙashin Sarkin Dawa, kuma ba mu taɓa jin kare ya kamo tsuntsu a sama ba.

Malamin Islamiyya: A wajen malaman fiƙihu, duk abin da aka nemo a daji ko a ruwa farauta ne, ko da kare ko da kibiya. Abin dubawa shi ne Annabi (SAW) ya hana a mai da mai rai abin gwada harbi, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim.

Jikan Maharba: Allah gafarta Malam, wannan fassarar littafi ce. Kakana ya tsufa da bindigar toka a kafaɗa, kuma har ya bar duniya maharbi ake ce masa.

Bahaɗeje: Ku Kanawa kuna ta musu a kan suna, alhali ku ne kuka tare ruwan da Tiga a 1974, kuka ƙara da Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗejiya da Nguru ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Agwagin da ke tahowa daga Turai da hunturu su sauka a fadamun Baturiya da Dagona, rashin ruwa ya fi harsashi korar su.

Ɗan Ƙofar Mata: Ɗan'uwa, shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da kuke saya da wane ruwa aka noma su?

Bahaɗeje: Da namu, Malam.

Shugaban zaure: Jama'a, dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta shi ne kowa ya yarda mafarauta ba su da laifi, kuma wanda ya kawo ƙorafin ya kamata ya janye kalmar da ya yi amfani da ita, domin ni kaina kawuna mafarauci ne. Maganar madatsa a bar wa 'yan siyasa. Batun doka kuwa, ban ga wanda ya goyi bayansa ba.