Lamba 10 a ƙwallon yau: abin da kociyoyin matasa a Jos suka tattauna

Yawancinsu sun yarda cewa zamanin lamba 10 mai tsayawa bayan ɗan gaba yana jira a kawo masa ƙwallo ya wuce. A tsarin 4-3-3 (huɗu a baya, uku a tsakiya, uku a gaba) babu gurbinsa, an raba aikin tsakanin lamba 8 guda biyu, wato 'yan tsakiya masu kai hari da komawa tsaro, kamar yadda Guardiola ya yi da De Bruyne da David Silva a Manchester City.

Abin da aka fi jaddadawa shi ne waiwaye. Yaro ya dubi kafaɗarsa sau biyu ko uku kafin ƙwallo ta iso, ya tsaya a karkace, ya tare da ƙafar da ke nesa da mai ba shi. Wanda ya karɓa yana ba wa ragar abokan hamayya baya, dole ya mayar da ita, ko a ƙwace a tsakiyar fili, kuma nan ne ƙwacewa ta fi ciwo. Maganinsa atisayen huɗu da biyu (huɗu na ba juna ƙwallo, biyu na neman ƙwacewa) a ƙaramin fili, taɓawa biyu kacal. A filin ƙasa mai tsakuwa ƙwallo na tsalle, don haka a fara da taɓawa uku.

An yi gardama kan Mikel Obi, ɗan Jos. A gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 2005 shi ne mai tsara harin Najeriya, Chelsea ta mayar da shi ɗan tsakiya mai tare gida. Wasu na ganin asara ce, kuma muna tare da su.

Idan an sa wa lamba 10 mai gadi, ya janye gefe, tsakanin mai tsaron baya na tsakiya da na gefe, ya bar wa wani hanyar.