Neman shawara: mahaifinmu magini ya rasu, ta ina za mu fara adana tarihinsa?

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa a watannin baya bayan gajeriyar jinya, kuma da yake ni ne babba a cikin 'ya'yansa, duk maganar da ta shafi abin da ya bari a kaina take sauka. Magini ne tun yana saurayi. Da ɗaukar kwanon sarki ya fara a bayan ubangidansa, har ya kai matsayin da ake nuna masa fili a ce ya fitar da gida tun daga harsashi har rufi, kuma ya shafe fiye da shekara 40 a kan wannan sana'a. Bai tara dukiya ba, amma ya riƙe iyalinsa da mutunci, ya haɗa mu da marayun ƙanensa a gida ɗaya ba tare da wani ya taɓa jin an fifita wani a kansa ba.

Burina shi ne in rubuta tarihinsa domin jikokinsa, waɗanda yawancinsu ba su yi wayon saninsa ba. Sai dai duk lokacin da na ɗauki alƙalami, abin da yake fitowa bai wuce cewa mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai zumunci ba, kuma wannan magana ce da ake faɗa a kan kowane mamaci, ba ta nuna shi kansa. Ga kuma akwatin kayan aikinsa, wanda ƙanena yake ganin a sayar a zuba kuɗin cikin gado, mahaifiyarmu kuwa ko matsar da shi ba ta son a yi. Abin da ya fi hana ni barci shi ne wani gida da ya karɓi jingarsa daga hannun wata baiwar Allah da mijinta ya rasu. Ginin ya tsaya dab da linta, kuma a littafin da yake rubuta ayyukansa na ga ya karɓi kafin alƙalami, amma ban ga lissafin abin da aka kashe ba. Ita matar ta zo ta'aziyya, ba ta ce uffan a kan maganar ba. Ina roƙon masu ilimi da masu sana'ar su nuna mini inda ya kamata in sa ƙafa.

Amsar wani malami

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ɗana, maganar da ka ajiye a ƙarshe ita ce ta farko. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, Allah Ya maimaita cewa rabon gado yana zuwa ne bayan an fitar da wasiyya da bashi, kuma Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Kuɗin da aka karɓa domin aikin da ba a kammala ba hakki ne a wuyan mamaci gwargwadon abin da ya rage na aikin. Shirun matar nan kunya ce da kara, kada ku ɗauke shi a matsayin yafewa. Ku je gare ta da kanku, ku zauna da ita da wani nata, a tantance abin da aka yi da abin da ya saura, sannan ta zaɓa ko a mayar mata da ragowar kuɗinta ko a ƙarasa mata aikin daga dukiyar da ya bari.

Kayan aikin kuwa suna cikin gado, komai ƙanƙantarsu, don haka ƙanenka bai faɗi abin zargi ba. Mafita mai sauƙi ita ce a yi musu kuɗi, wanda yake son a bar su a gida ya karɓe su a cikin rabonsa. Idan akwai ƙaramin yaro a cikin magada, babu mai ikon yin kyauta da kasonsa.

Amsar wani tsohon magini

Allah Ya gafarta wa abokin sana'armu. Ban san shi ba, amma wanda ya fara da kwanon sarki ya kai ga riƙe gida sukutum ya sha rana, kuma na san irin ranar. Ɗana, lissafin da ka rasa a littafi yana nan tsaye a filin. Ka nemi babban yaronsa, wanda yake riƙe masa igiya, ku je tare da wani magini da ba shi da hannu a aikin. Za su ƙirga layin bulo, su auna tsawon bango, su duba abin da harsashi ya ci, su ga ragowar yashi da tsakuwa da rodin da ke ajiye, kuma kafin azahar za su faɗa maka kusan abin da aka kashe. Ka tambayi matar a fili ko kuɗin da ta bayar na hannu ne kawai ko har da na kaya, domin a nan ne yawancin rigimar jinga take tashi. Kada kuma ka manta da leburorinsa. Mai yiwuwa akwai wanda yake bin ladan kwana biyu ko uku yana jin nauyin faɗa, alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a biya ɗan ƙodago kafin guminsa ya bushe. Buhunan simintin da suka daɗe a ajiye ku taɓa su da hannu, wanda ya sha danshi ya dunƙule ya tashi daga aiki, kada a lissafa wa matar shi a matsayin kaya.

A kan tarihi kuwa, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ku 'ya'yansa kun san shi da yamma, bayan ya wanke siminti daga hannunsa, amma yaransa su ne suka san shi da hantsi. Kada ka tambaye su ko mutumin kirki ne, domin za su ce maka e su yi shiru. Ka tambaye su yadda yake fitar da kusurwa ranar da aka fara awon fili. Mu na da, ƙafa 3 muke aunawa a gefe guda, ƙafa 4 a ɗaya gefen, idan tsakaninsu ya ba da ƙafa 5 cif to kusurwa ta miƙe, kuma akwai maginin da zai sa a tumɓuke turaku duka saboda bambancin da bai kai faɗin yatsa ba. Ka tambaye su abin da yake yi idan mai gida ya matsa a rage siminti domin a yi tsimi, ko ya taɓa ajiye aiki ya tafi saboda haka. Ka tambaye su ko ya taɓa rushe bangon da ya gina da hannunsa domin ya ga ya karkace, kuma wa ya ɗauki asarar. A irin waɗannan amsoshi ne za ka ga mahaifinka tsaye.

Ka buɗe akwatin nan ka dubi cokalin gininsa da kyau. Cokalin da ya yi shekaru a hannun mutum ɗaya gefe guda yake cinyewa, wajen da yake yankar bulo da shi, ƙotar kuma tana yin santsi daidai inda babban yatsa yake zama. A kasuwa ba zai yi wani kuɗin kirki ba, don haka ina ganin ba abin da za a yi saɓani a kansa ba ne.

Amsar wata uwa

Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ɗana, na ga maza sun tafi wajen gini, ni kuwa zan dawo da kai cikin gida. Mahaifiyarku ko tana cikin takaba ko ba ta daɗe da fita ba, kuma wata 4 da kwana 10 ba sa isa mace ta saba da rashin mutumin da ta rayu da shi shekaru masu yawa. Ku bar mata akwatin inda yake. Idan har sai an yi masa kuɗi, kai ka karɓe shi a rabonka kamar yadda Malam ya ce, ka gaya wa ƙanenka cikin lalama, a rufe maganar.

Ita ce ta san abin da ba wanda ya sani: daminar da aiki ya tsaya aka rasa na cefane, ranar da ya shigo da marayun nan da abin da ya ce mata a daren, da yadda aka gina gidan da kuke ciki ɗaki bayan ɗaki, domin magini yakan gama wa kowa kafin ya waiwayi nasa. Amma kada ka zauna gabanta da takarda da alƙalami kamar mai ɗaukar bayani, za ta ƙi magana ko ta fashe da kuka. Ka bari hira ta kawo kanta, ka nemi izininta ka kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarka, ka ajiye ta gefe. Ka kuma ba 'yan'uwanka mata da marayun da ya riƙa dama kowa ya faɗi nasa shi kaɗai, domin a gaban taro ƙarami ba ya iya faɗin abin da ke ransa.

Amsar wani ɗan'uwa

Ni dai, da girmamawa, ina ganin rubuta tarihi ba zai ƙara wa mamaci komai a kabarinsa ba. Muslim ya ruwaito cewa aikin ɗan Adam yana yankewa idan ya mutu sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ƙarfin da za a sa a rubutu gara a haƙa rijiya da shi.

Amsar wata malamar makaranta

Ɗan'uwa, hadisin da ka kawo gaskiya ne, sai dai ina ganin yana goyon bayan mai tambayar ne. Jikan da bai san kakansa ba da wuya ya tuna da shi a addu'a, kuma sana'ar da marigayin ya koya wa yaransa tana cikin abin da ake fatan ladansa ya ci gaba da isa gare shi. Rijiya da rubutu ba sa hana juna, rubutun ma ba ya cin kuɗi.

Ga mai tambaya, shawarata ita ce ka daina neman siffofi, ka nemi aukuwa. Maimakon ka rubuta cewa mai amana ne, ka rubuta ranar da ya mayar wa wani ragowar buhunan siminti alhali mai gidan bai san sun rage ba, idan har an ba ka irin wannan labari kuma wanda ya gani da idonsa ne ya faɗa. Littafin ayyukansa zai zama maka jagora wajen jera shekaru, amma ka kiyaye shi, domin a ciki akwai sunayen waɗanda suka kasa biya da waɗanda ya yafe wa, kuma asirin da ya rufa yana raye bai kamata ya tonu a hannun ɗansa ba. Idan za ka ɗauki hoton gidajen da ya gina, ka yi sallama ka nemi izinin masu su tukuna. Wannan ziyara kanta ibada ce, domin ya tabbata a Muslim cewa sada zumunci da abokan uba yana cikin mafificiyar biyayya gare shi.

Kada ka goge shi har ya zama wanda ba a gane shi. An hana zagin matattu, amma idan mutum ne mai faɗa a wajen aiki, wanda ba ya jure ganin an kwaɓa siminti da ƙasa a ciki, faɗin haka cikin ladabi ba aibu ba ne, kuma yaransa za su ce lallai shi ne. Idan ka gama, ka karanta wa mahaifiyarku kafin kowa, abin da ta ce a cire ka cire, sannan ka ajiye kwafi a hannun mutum fiye da ɗaya.

Mai tambaya ya dawo

Na gode, iyayena, Allah Ya saka da alheri. Mun je filin da babban yaronsa da wani dattijon magini, kuma awon ya nuna cewa aikin da aka yi ya cinye mafi yawan abin da aka karɓa, saura kaɗan ne a wuyansa. Matar ta zaɓi a ƙarasa mata, yaron kuma ya ce shi zai ja aikin, magada duka sun amince a fitar da ragowar kafin rabo. A wajen ne ya ba ni labarin wata shekara da mahaifinmu ya koma wani gida bayan damina ya gyara tsagewar bango ba tare da an kira shi ba, kuma da shi na buɗe rubutun. Baba magini, tambayata gare ku ita ce, ganin ginin ya sha ruwan sama a buɗe, akwai abin da ya kamata a duba kafin a ɗora linta?

Amsar tsohon magini

Akwai, ɗana. A bi bangon layi-layi, duk bulon da ya motsa ko ya yi laushi a saman a cire shi a sake, a kuma duba ko ruwa ya kwanta a gindin harsashi ya zaftare ƙasa. Rodin da ya yi tsatsa a sama kawai a goge shi da burushin ƙarfe, amma wanda tsatsa ta ci har ya sirance a canza shi. Kwaɓin kankaren linta da muka saba shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kuma kada a cika ruwa domin a ji sauƙin zubawa, yawan ruwa yana rage masa ƙarfi. Bayan an zuba a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, kada a yi gaggawar cire katakon da ke tokare da shi ta ƙasa, domin kankare sai ya yi wajen kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. Kafin a taɓa bulo ɗaya, ku rubuta sabuwar yarjejeniya tsakanin matar da yaron, a fayyace inda hakkin marigayin ya ƙare da inda nata kuɗin zai fara, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.