Sunan Jami'a Zai Hana Ni Zama Likitan Tiyatar Ƙwaƙwalwa?

Autan Hajiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman likitocin da ke wannan zaure. Shawara nake nema. Sau biyu ina rubuta JAMB ina neman likitanci a ABU Zariya, Allah bai yi ba. Bana jami'ar jiharmu ta ba ni, sai dai sashen likitancinta sabo ne, ko rukuni ɗaya ba su yaye ba tukuna. Baba ya ce in karɓa. Ni kuwa burina tiyatar ƙwaƙwalwa, tun ranar da yayana ya faɗi da babur muka yi ta yawo da shi kafin a samu mai duba kansa a Sakkwato. Abokina ya ce irin wannan fanni sai 'yan Zariya da Ibadan, wai da an ga sunan ƙaramar makaranta a takarda sai a ture ta gefe. Gaskiya ne? In haƙura in sake JAMB?

Likitan Dare:
Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara wa yayanka lafiya. Ina shekara ta biyar a horon ƙwarewa a fannin tiyata, bari in gaya maka yadda hanyar take. Bayan shekara 6 a jami'a za ka yi shekara ɗaya ta hawusjob, wato aikin sanin makama a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci, ka yi bautar ƙasa, sannan ka zauna jarrabawar share fage da muke kira firaimaris. Ko dai ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa, NPMCN, da ke Legas, ko ta kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, WACS. Tambayoyi iri ɗaya ake ba kowa, kuma mai maki bai damu da inda ka fito ba. Na ga ɗan babbar jami'a ya faɗi sau uku, na ga wanda ya fito daga makarantar da ban taɓa jin sunanta ba ya haye a zama ɗaya. Ilimin sassan jiki da yadda jiki ke aiki, wanda za a koya maka a aji biyu da uku, shi ne ƙashin bayan jarrabawar nan. Ka riƙe shi da kyau tun daga lokacin.

Inda ake shan wuya shi ne samun gurbi. Asibiti kan daɗe bai ɗauki sababbi ba, in ya tashi ɗauka kuma mutum biyu ko uku yake so a sashe. Shi ya sa wasu ke shiga da albashin jiharsu, ita ta ɗauki nauyinsu, asibitin ya horar da su kawai. A nan kasancewarka ɗan jami'ar jiha ma yana iya yi maka rana.

Maman Ilham:
Dakta, ban ƙi taka ba, amma kada mu ɓoye wa yaron nan rabin magana. Suna yana aiki, ta bayan gida. Wanda ya yi karatu a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ko asibitin Malam Aminu Kano, manyan likitocin da za su zauna tantance shi sun san shi tun yana ɗalibi, sun ga yadda yake da marasa lafiya. Kai kuwa baƙo za ka je musu. Ni daga ƙaramar makaranta na fito, kuma sai da na yi hawusjob a babban asibitin koyarwa na samu wanda zai rubuta mini takardar shaida da zuciya ɗaya. To, ka yi irin haka. Lokacin hutu ka nemi izinin zuwa cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da ke asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo, tunda ka san hanya. Ka tsaya, ka yi tambaya, a san fuskarka.

Abu Sadiq:
Ni abin da ya tsaya mini a rai kalmar nan ce, "ko rukuni ɗaya ba su yaye ba". Kafin Baba ya biya ko sisi, ka duba jerin makarantun da hukumar MDCN, mai kula da aikin likitanci a ƙasar nan, ta amince da su, da adadin ɗaliban da ta ƙayyade wa kowace. Amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i, daban, ta MDCN daban, kuma ita MDCN mataki-mataki take bayarwa: na azuzuwan farko, sannan na shiga asibiti. Ɗiyar ƙanwata ta yi shekara biyu cur ba ta wuce ajin da take ba, suna jiran wannan izini. Ka tambayi 'yan aji uku da huɗu na makarantar, su ne za su gaya maka gaskiya. Wane asibiti suke zuwa? Akwai malamai na dindindin, ko na aro ne masu zuwa sau ɗaya a wata?

Baƙon Amurka:
In kana tunanin fita waje wata rana, a Amurka sunan makaranta yana da nauyi, amma tsakanin makarantunsu na can. Tun Janairun 2022 jarrabawar USMLE ta farko, wato ta neman lasisin likita a Amurka, ta koma ci ko faɗuwa, babu maki, sai hankali ya koma kan makin ta biyu, da bincike, da takardun shaida. Mu da muka zo daga gida layi ɗaya ake sa mu, ɗan Zariya da ɗan sabuwar jami'a. Tiyatar ƙwaƙwalwa kuwa ko ɗan ƙasa da ƙyar yake samu, gara ka sa ranka a kan yin ta a gida, inda aka fi buƙatarka ma. Ka dai tabbatar makarantar tana cikin kundin makarantun likitanci na duniya.

Likitan Dare:
Anti Maman Ilham ta yi gaskiya, na yarda. Amma ƙanena, in izinin MDCN ya tabbata, ban ga dalilin sake ƙona shekara ba. JAMB ta uku ba ta yi maka alkawarin komai ba, ga shi tafiyar da ke gabanka, daga aji ɗaya zuwa zama kwansaltan, wato cikakken ƙwararren likita, ta haura shekara 14.

Autan Hajiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba jerin, sunan makarantar yana ciki, amma a ɓangaren waɗanda ba su samu cikakken izini ba. Na nuna wa Baba saƙonninku. Ya ce ranar Litinin mu je tare mu ga shugaban sashen, mu kuma nemi 'yan aji huɗu. Anti Maman Ilham, don Allah wa ake rubuta wa takardar neman zuwa cibiyar Sakkwato lokacin hutu?